Gidan Kunun Tsamiya

Ku 'ya'yana kun daɗe kuna ɗora wa babanku laifin da ba nasa ba. Duk lokacin da aka tashi sabunta fentin gidan nan na Pantami, sai ɗayanku ya ce wai rowa ce ta sa marigayi ya zaɓi launin da ba ya nuna datti, don kada ya riƙa sayen fenti. Allah ya jiƙansa da rahama. Hannunsa yakan yi nauyin shiga aljihu, ban musa ba, amma a wannan magana ba ruwansa. Ni na jawo, ni da wani mai fenti, saboda kakarku Dada, wadda ba ta ma san ana yi ba. Yanzu da jikokina suka fara zuwa suna ɗaukar hoto a jikin bangon falo, suna cewa wai launin da ake yayi ke nan a manyan birane, gara in rubuta yadda aka yi tun hannuna yana iya riƙe biro.

Abin ya faru ne ba da daɗewa ba bayan an daina lissafi da fam da sule, a shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi har kan mutane ya juya. Gombe ta cika da sababbin babura da rediyo mai kaset, kowa yana cire rufin ƙasa yana sa kwano. Babanku yana ofishin gona, ɓangaren auduga, ni kuma ina koyarwa a firamare. Muka gama ginin bulo a Pantami, lokacin da gonaki suka fi gidaje yawa a unguwar. Fenti kuwa a zamanin nan gasa ake yi da shi. Wannan gida kore shar, wancan ruwan hoda, na gaba shuɗi mai ƙyalli da za ka ga fuskarka a jiki. Ni shuɗin nake so. Tun ana haƙa tushen ginin nake kwana ina tashi da hoton ɗakina shuɗi, jeren kwanukana suna walƙiya a jikinsa, matan unguwa suna shigowa suna riƙe baki.

Dada, mahaifiyar babanku, tana can tsohon gida a Kagarawal, cikin ɗakin ƙasar da aka kai ta tana amarya. Ku manyan kun san ta: siririya, fara, magana ɗaya-ɗaya kamar ana saye. Bafulatana ce ta gaske, babanku kuma ɗan farinta, don haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ko muna zaune mu uku a tabarma ɗaya, ni take kallo ta ce, ki ce da shi kaza. Shi kuma ya kalle ni ya ba da amsa. Na yi shekaru ina wannan aikin tafinta tsakanin mutum biyu masu jin yare ɗaya.

Damuwar ita ce kwarin da ke bayan tsohon gidan. Kowace damina sai ya ƙara cin ƙasa yana matsowa, har bangon ɗakin Dada ya tsage, tsagar da hannu zai shiga. In hadari ya haɗu, babanku ba ya iya zama wuri ɗaya. Shi ya sa ɗakin da aka fara gamawa a sabon gida nata ne. Aka yi masa fari fat daga sama, kore daga ƙasa, da fenti mai maiƙo mafi tsada da ke kasuwa. Ya je ya ɗauko ta a 'yar motar da ya saya, yana ta murmushi. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kare idonta da tafin hannu, don lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani kuma haske yana damunta.

"'Yar nan, wa ba shi da lafiya?"

"Kowa lafiya lau, Dada. Ɗakinki ne."

"To, ki ce da shi na gode. Ranar da na kwanta ciwo sai ya kawo ni."

Ko ƙafa ba ta sa a ciki ba. Muka mayar da ita Kagarawal. Babanku ya tura ƙanenta, Kawu Sambo, ya lallashe ta. Kawu ya je, ta dama masa fura da kindirmo, ya dawo yana shafa ciki yana cewa shi ma dai a ganinsa ɗakin ya yi kama da inda ake yi wa mutane allura.

Ina da cikinki a lokacin, Binta. Wata rana bayan an tashi makaranta na bi ta wajen Dada da rana tsaka, kaina yana sara saboda zafi da hayaniyar yara. Na zauna a ɗakinta, ba mu yi wata hira ba, tana kaɗi ni kuma ina kallon bango. Can sai na ji ciwon kan ya sauka. Na daɗe ina shiga ɗakin nan, amma ban taɓa kallon bangonsa da idon basira ba sai ranar. Ba ja ba ne, ba fari ba, ba kuma ruwan toka ba. Wani launi ne a tsakaninsu, mai sanyi, wanda ido yake kwanciya a kansa. Duk shekara bayan damina Dada takan kwaɓa ƙasa ta yi masa shafe da hannunta, har sawun yatsunta yana nan a jiki. Na ce a raina, ashe ba ginin bulo take ƙi ba, idonta ne ba ya samun wurin hutawa a can. Da zan tafi na tsinci wani ɓaɓɓake, ɗan guntun shafen bangon da ya faɗo daga tsagar, na ƙulle a bakin mayafina.

Mai fentinmu sunansa Yohanna, mutumin ƙasar Tangale, dogo mai yawan yin fito da baki yana bin waƙoƙin coci in yana kan tsani. Ya yi aiki a Jos da Kaduna, kuma ba a yin hira da shi bai ambata ba. Babanku ya tafi rangadin kasuwannin auduga, ya bar mana gwangwanayen farin fenti na ruwa da za su ishi gidan duka, da ƙulle-ƙullen garin kala da za a riƙa zubawa a ciki, kowane ɗaki da nasa. Na kwance mayafi na miƙa wa Yohanna ɓaɓɓaken, na ce ya kankare ɗakin Dada ya yi masa irin wannan. Ya juya shi a hannu, ya kalle ni, ya sake kallonsa.

"Malama, mutane suna biya na in rufe musu wannan kala, ke kuma kina so in kawo shi cikin gida?"

"Ɗaki ɗaya ne kawai, Yohanna."

"A Jos, in na yi wannan, ba wanda zai sake ba ni aiki."

"To ai nan Gombe ne."

Ya kawo rabin duro ya juye farin fenti a ciki. Ya zuba ruwan ɗorawa, ya ɗan sa ja, ya ɗiga baƙi, ya gauraya da sanda. Abin ya fito kamar miyar kuka. Na ce ya yi duhu, ya ƙara fari, ya koma kamar nono. Na ce ya yi haske, ya ƙara kala. Ga shi kuma fenti yana da wata ɗabi'a ta munafunci: yadda yake a jiƙe daban, yadda yake in ya bushe daban. Sai mu shafa kaɗan a bango, mu zauna jiran ya bushe, mu kara ɓaɓɓaken a gefe, in ce bai yi ba, shi ya ce ya yi, mu fita da shi rana, sai ya yarda bai yi ba. Wani lokaci ni ce mai cewa ya yi, shi kuma zuciya ta ɗebe shi ya ce sam, akwai sauran ja a ciki. Mutumin da ya fara aikin yana tsaki ya koma ko fito ba ya yi. Ni da shi duk taurin kai ne da mu, kuma ba wanda ya waiwaya ya dubi gwangwanayen da ake buɗewa. Da muka kai ga launin da muka kara ɓaɓɓaken ya ɓace a jikinsa, muka yi shewa kamar yara. Sannan Yohanna ya juya zai ɗauko fari don ya haɗa mini shuɗin ɗakina, ya tarar babu ko gwangwani ɗaya mai nauyi. Fentin gidan gaba ɗaya yana cikin duron nan, har mun ƙara da baho biyu.

"Malama," in ji shi, yana sosa ƙeya da sandar gaurayawa, "ina ganin kowa a gidan nan zai zama Dada."

Fenti in an haɗa shi ba ya jira, kuma ba ni da fuskar da zan tari babanku da maganar sabon saye. Na ce a shafa. Aka shafa ɗakin Dada, aka shafa falo, da zaure, da ɗakin babanku, da naku na yara, da nawa. Ranar da aka zo kan nawa fita na yi na zauna a gindin darbejiya na sha kukana, ba zan ɓoye muku ba. Garin shuɗin yana nan a ƙulle a takarda, ba farin da za a zuba shi.

Babanku ya dawo daga rangadi, ya shiga falo ya ajiye jakarsa, ya dubi bango ɗaya, ya dubi ɗayan.

"Ladi, ba a fara fentin ba ne?"

"An gama, Malam."

Ya zauna a kan jakar. Na kwashe labari na ba shi tun daga ciwon kaina har zuwa duro. Da na gama sai ya ce shi ya yi shekaru yana tara bulo don ya fita daga gidan ƙasa, ga shi an bi shi da gidan ƙasar har Pantami. Abokan aikinsa da suka zo ganin gida suka riƙa tambayarsa ko kuɗin ne suka ƙare. Wannan ta yi masa zafi, na sani, don mutum ne mai son a ga ya yi abu daidai. Matan unguwa kuwa maƙwabciyarmu Hajiya Turai ce ta jagorance su. Ta shigo ɗakina, ta dubi jerena, ta dubi bangon, ta ce, "Malama, kunun tsamiya ne ya zube muku?" Shi ke nan suna ya kama. Har yau in tsohon ɗan unguwa zai yi wa baƙo kwatance, cewa yake ka wuce gidan kunun tsamiya ka sha kwana.

Ba mu gaya wa Dada komai ba, don in ta ji an yi abu saboda ita, ƙi za ta yi. Ranar sunanki, Binta, ta zo da niyyar komawa da yamma. Gida ya cika da mata, guɗa da hayaniya ta ko'ina. Da azahar ta yi na ce wa ƙanwata ta kai ta ɗakin nan ta yi salla, tunda shi kaɗai ne ba kowa. Ta shiga. La'asar ta yi ba ta fito ba. Na leƙa, na same ta kwance a kan buzun salla tana barci, fuskarta tana kallon bango. Da magariba ta gabato babanku ya aiko a tambaya ko ya tada mota, ta ce a ce da shi ta gaji, sai gobe. Washegari ta aika a kawo mata butarta. Bayan kwana biyu tabarma. Sannan ƙwaryar furarta, da mazari, da akwatinta, kaya ɗaya-ɗaya, ba ta taɓa buɗe baki ta ce ta dawo ba, mu ma ba mu tambaya ba. Babanku ya riƙa takawa a hankali a tsakar gida kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi. Wata safiya na kama shi a falo yana shafa bango yana gyaɗa kai, da ya gan ni sai ya ce wai ƙura yake dubawa.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Dada tana da sanyin ƙashi, in ruwa ya yi yawa yatsunta sukan kumbura, taɓa ruwa ya zama azaba. A irin wannan lokaci taimama take yi maimakon alwala. Wata la'asar, ana yayyafi, na shiga kai mata kunu, sai na gan ta zaune a gefen gado ta buga tafukanta a jikin bango, ta shafa fuska, ta sake bugawa ta shafa hannu. Yohanna ya zuba garin kala da yawa a fentin, har in ka shafa yakan bar ɗan gari a hannu, ga bangon da kaushi, ga idonta ba ya gani sosai. Ita a wajenta shafen ƙasa muka yi mata a kan bulo, kuma a jikin bangon ƙasa take taimamarta tun tana Kagarawal. Ni kuwa na san abin da malamai suka ce, ba a yin taimama a kan fenti.

Na ajiye kunun na fita na sami babanku. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Dole a gaya mata," in ji shi. "Maganar salla ce."

"In aka gaya mata za ta tafi. Ka ga ruwan da ake yi, ka san halin da bangon can yake ciki."

"Na sani."

"To wa zai faɗa?"

Ya dube ni kawai. Tafinta ai ba ya zaɓen saƙo. Na koma na durƙusa a gabanta, na ce Dada, bangon nan ba ƙasa ba ce, fenti ne muka haɗa ya yi kama da naki. Ta jawo buta da bayan hannu, ta ɗan tsiyaya ruwa a jikin bangon, ta kai hancinta ta shinshina. Kun san ƙamshin da ƙasa take yi in ruwa ya taɓa ta. Babu shi. Ta koma ta zauna.

"Ashe bango ma yana ƙarya."

"Ki yi haƙuri, Dada. Don idonki muka yi. Bari in sa a kawo miki dutse mai kyau ki ajiye a gefen gado."

"Dutse na matafiyi ne, 'yar nan, da wanda yake kwance a asibiti. Ni wacce ce a ciki?"

Ta ce in kira mata Kawu Sambo ya tambayo mata malam yadda za ta rama sallolinta, sannan ta ce in ce da shi, wato babanku, gobe da safe ya kai ta Kagarawal. Daren nan ba wanda ya ci tuwon kirki a gidan.

Da safe aka wayi gari da hadari a gabas. Ta fito da mayafinta, ta ce in ɗauko bokiti biyu. Na ɗauka wanki za ta sa ni a can, na ɗauko ina share hawaye a ɓoye. Babanku ya ja mota. Muka isa tsohon gida, muka tarar kwarin ya ci har gindin katanga, tsagar ɗakin ta ƙara buɗewa, ana hango sama ta ciki. Ta shiga ita kaɗai, ta daɗe. Muna tsaye a waje, na ji babanku yana ta addu'a ƙasa-ƙasa. Can ta fito da tsohuwar fartanya a hannu. Ta zaga gefen da ya tsage, ta ɗaga fartanyar da kumburarrun yatsun nan nata, ta sari bangon. Saran bai yi wani ƙarfi ba, amma ƙasa ta zubo. Ta sake sara, sannan ta miƙo mini fartanyar.

"Ki ba shi. Ki ce ya sara daga nan zuwa nan, inda shafen ya fi kauri. Kada ya haɗo mini da tsakuwa."

Babanku ya naɗe hannun farar rigarsa ta ofis ya kama sara, yana yi yana dariya, hawaye yana bin gemunsa. Ɗakin da aka haife shi a ciki ne yake fasawa, uwarsa tana tsaye tana gyara masa ta bakina. Muka cika bokitan. Ta ce wannan zai ishe ta ta yi shafe a gefen gadonta, daidai inda hannu yake kaiwa, kuma ita za ta yi da kanta, kada wani ɗan Jos ya taɓa mata. Ta ja ƙyauren ɗakin ta rufe, duk da ga rami a bayansa wanda akuya za ta shige, ba ta kuma waiwaya ba.

Muka shiga mota, bokiti ɗaya a cinyata, ɗaya a tsakanin ƙafafunta. Ruwa ya fara sauka, hanya duk ramuka, babanku kuma murna ta sa ya taka mota. Muka faɗa wani rami, ƙasa ta yi tsalle ta zubo mata a zane. Ta dafe bakin bokitin da hannu biyu, ta juyo ta dube ni.

"'Yar nan, ki ce da shi ya bi a hankali. Kada ya zubar mini da ɗaki kafin mu isa gida."